Cajar da Aka Yi wa Rigar Kwano

Duk layin masu gyaran mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sau-Ɗaya ake ce masa, domin motar da ya gyara wa wuta ba ta dawowa da irin ciwon da ta zo da shi. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin mutane, ƙafafu a waje, testar gwajin wuta a baki, kuma in za a faɗi gaskiya, ya fi son wannan laƙabi a kan duk kayan aikin da ke shagonsa. In baƙon direba ya shigo yana tambayar ina mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, sai ya yi kunnen uwar shegu, har sai wani ya gyara wa baƙon ya ce, “Sau-Ɗaya kake nema.” Sannan ne zai ɗago kai.

Yana da aƙida guda a sana'arsa wadda ba ya sassautawa. Duk abin da zai ƙara wa mota, komai ƙanƙantarsa, sai ya yi masa gida na kwano. Zai yanko kwanon da almakashin ƙarfe, ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki hannun wani, ya rufe abin ruf ta sama da ƙasa, sannan ya ɗaure da kusoshi masu zare. Gam da salatif kuwa ko ganinsu ba ya so. Ya kan ce aikin malalata ne, rana ɗaya za ta yi zafi su saki. Kuma ba laifi, wannan kwano ya ceci motoci da yawa daga ƙura da jijjiga da haƙoran ɓera.

Wata safiya sai ga ƙaramar mota mai ruwan toka ta tsaya a ƙofar shagon, 'yarsa ta fito daga ciki. Ita ce autarsa, kowa Auta yake ce mata, shi kaɗai ke kiranta Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Aikinta duba gine-ginen makarantu ne, kullum tana kan hanya, wayarta ce ke nuna mata inda za ta bi. Motar nan ita ce ta farko da ta saya da guminta, ko sati uku ba ta yi ba, ledar kujerun baya ma ba a cire ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida mai facin da ke maƙwabtaka da su, sannan ta miƙa masa wani ɗan kwali.

“Baba, igiyar caji ta ishe ni. Kullum sai ta nannaɗe giya, jiya saura kaɗan in hau kan wani mai keke ina ƙoƙarin warware ta. Wannan caja ce mara igiya. A ƙarƙashin ɗan farantin nan na dashbod ake ɓoye ta, inda nake ajiye tarkace. In na ɗora waya a kai shike nan, sai ta kama caji, ba a ganin komai.”

Sau-Ɗaya ya zazzage kwalin a tafin hannunsa. Wani ɗan faifai ne baƙi, bai kai murfin kofi ba, da wayoyi biyu ja da baƙa, da fiyus, da tef mai gam fuska biyu, da takarda a ninke. Bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gaji da ganin abu.

“Mai shagon da na sayi wayar shi ya sayar mini da ita,” in ji Auta. “Ya ce in kai wa masu ƙawata mota su sa mini. Na ce masa Allah ya kiyaye, ina da uba.”

Mai faci ya yi dariya daga bakin bahon ruwansa. Abokin tsokanar Sau-Ɗaya ne tun suna da baƙin gashi. “Mutumina, wuta ba waya? Yau dai an zo da abin da zai raba ka da sana'a. In wuta ta koyi tashi sama da kanta, kai kuma me za ka riƙa jonawa?”

“Kai dai ji da tayoyinka,” in ji Sau-Ɗaya. “Uwata, je ki aikinki. Ƙarfe huɗu ki dawo.”

Ta bar masa makulli ta tari tasi. Da wayarta ta tafi, shi kuwa tasa ƙaramar mai maɓallai ce, wadda caji ɗaya ke kai ta kwana biyar, don haka ba shi da wayar da zai gwada cajar da ita. Bai ga dalilin damuwa ba. Wuta dai wuta ce, ko ta wace ƙofa za ta fita.

Abin da ya fara yi shi ne jefa tef ɗin mai gam cikin kwandon shara. Takardar kuma ya ɗora kofin shayinsa a kai, tunda a wurinsa takardar bayani ta 'yan koyo ce. Ya ɓalle farantin dashbod ɗin a hankali da ɗan siririn katako don kada ya ƙuje shi. Ya kifa shi a kan benci ya riƙa goge bayansa da samfefa, yana ɗagawa yana dubawa a hasken rana, har robar ta yi siriri ba tare da fuskar ta nuna komai ba. Wannan kam hankalinsa ne ya ba shi, kuma daidai ya yi. Ya nemo layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, don kada abin ya shanye batir in mota na ajiye. Ya sa fiyus, ya yi dalma, ya naɗe wayoyin ya bi da su ta bayan rediyo yadda ko mai ƙera motar sai ya yi bincike kafin ya gano su.

Daga nan sai ya jawo kwanonsa. Motar Uwata ce, don haka ya zaɓi mafi tsabta, ya auna, ya yanka, ya lanƙwasa. Awa guda ya ɓata a kan ɗan gidan nan kaɗai. Ya zura faifan a ciki kamar wasiƙa a ambulan, kwano a samansa, kwano a ƙasansa, ya bar ɗan rami inda fitilarsa za ta riƙa leƙowa ta gefe. Ya ɗaure shi a bayan farantin da ƙananan kusoshi huɗu. Mai faci ya leƙo ya ce, “Iye, har da riga aka ɗinka masa.” Sau-Ɗaya ya ji daɗi a ransa.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Auta ta dawo. Kafin nan labari ya zaga layin cewa Sau-Ɗaya ya sa wa mota caja mara igiya, don haka ba ita kaɗai ta tsaya a bakin ƙofar motar ba. Ga mai faci, ga mai fenti da ƙyallensa a wuya, ga bakanike biyu, ga wani direban babbar mota da ke jiran a gama masa birki. Auta ta duba dashbod ɗin ta shafa shi.

“Baba, kamar ba a taɓa ba!”

“Haka ake so. Murɗa makullin.”

Ta murɗa, ta ɗora wayar. Kowa ya miƙa wuya. Fuskar wayar ta tsaya baƙa ƙirin. Ta ɗaga, ta sake ɗorawa, ta matsar da ita hagu, ta matsar dama, ta cire mata riga. Daga gefen farantin wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa.

“Ko sai mota ta yi zafi?” in ji mai faci, da muryar da kowa ya san tsokana ce.

Sau-Ɗaya ya ce a matsa. Ya durƙusa ya zura hannu ta ƙarƙashi don ya taɓa jonin, sai yatsansa ya sauka a kan kwanon. Zafi ya ji, zafin da ya sa ya janye hannu ba shiri. A nan take ya gane. Ba a shekara talatin ana wasa da tagulla da maganaɗisu a kasa sanin abin da ke sa ƙarfe ɗaukar zafi alhali ba waya a jikinsa. Wutar da ya kamata ta haye zuwa wayar, kwanonsa ne ya tare ta yana sha. Da hannunsa ya gina katanga tsakanin cajar da wayar, ya kuma ɓata awa guda yana yi mata ado.

Gyaran bai fi minti biyar ba. Kusoshi huɗu ne kawai. Amma sai ya ɗago ya ga fuskoki biyar a kansa, da bakin mai faci da ya riga ya fara buɗewa, da Auta tana kallonsa da irin kallon da take masa tun tana rarrafe a shagon nan, kallon wadda ba ta taɓa ganin abu ya gagari ubanta ba. Ya ɓoye yatsan a tafin hannunsa. Ya ciro testa ya dangwala a jar wayar wutar, fitilar testa ta kama tar.

“Kun gani? Wuta tana zuwa har bakin ƙofa. Aikina ya kammala.” Ya yi gyaran murya. “Wayar hannun ce ba ta karɓa.”

Da za a tsaga maganar, rabinta gaskiya ce, kuma rabin nan ne ya sa kowa ya yarda. Mai fenti ya ce ai wayoyin yanzu jabu sun fi na gaske yawa. Direban babbar mota ya ce shi ma an taɓa yi masa. Sau-Ɗaya ya goge hannu da tsumma, ya ce a sanyaye, “Ki bar mini motar gobe da safe in ƙara dubawa.” Nufinsa ya cire kwanon ba mai gani, in ta dawo ya ce ya ɗan yi mata dabara.

Ya manta 'yar wa ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma Auta zuciyarsa ta ɗauko ba ragi.

“Me za ka ƙara dubawa, Baba? Mutumin nan da bakinsa ya rantse mini wayar tana caji ba igiya. Don haka na saye ta. Ya ga mace ya ce ya samu banza.” Ta buɗe masa ƙofar gaba. “Shiga mu je yanzu, kafin ya rufe. Ina so ya maimaita a gabanka.”

“Uwata, ba a yin abu cikin fushi. Gobe ma rana ce.”

“Kai ka koya mini ba a kwana da cuta.”

Shi ya koya mata kuwa. Ya shiga ya zauna.

Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba, amma bai taɓa yin doguwa irinta ba. A danja ta farko ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa ta riƙa sakin kuloci a hankali. A ta biyu ya ce a ransa bari su wuce kwanar nan tukuna. Suka wuce kwanar. 'Yar jar fitilar tana ta ƙiftawa a gefen gwiwarsa, yatsan yana masa zugi, Auta kuwa tana ta jera abin da za ta faɗa. Duk mitar da motar ta ci, maganar sai ta ƙara nauyi a bakinsa, domin yanzu ba kuskuren kaɗai zai amsa ba, har da shirun da ya yi tun daga shago.

Shagon wayar yana bakin babban titi, gabansa gilashi ne tun daga sama har ƙasa. A ciki akwai mutane kamar bakwai. Mai shagon mutum ne matsakaici, mai ɗan sanƙo da tabarau a goshi, yana nuna wa wata mata mai goyo waya, ta riga ta buɗe jakarta. Auta ba ta jira layi ba. Ta ajiye wayarta a kan kantar shagon da ƙarfin da ya sa kowa ya waiwayo.

“Malam, jabu ka sayar mini.”

“Subhanallahi. Hajiya, sannu da zuwa. Me ya faru?”

“Ka ce tana caji ba igiya. An sa cajar da ka ba ni, ba ta ko motsa ba. Ga wanda ya sa nan, mahaifina ne, shekararsa talatin yana aikin wutar mota. Je ka tambaya a layin masu gyara, mota ba ta zuwa wurinsa sau biyu. Shi ya ce wayar ce. In kai ba ka jin kunyar cutar mutane, ni ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa.”

Sau-Ɗaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar titi. Kowace kalma ta yabo da ta fito daga bakinta sai ta sauka a kansa kamar mari. Ya ga matar mai goyo ta mayar da wayar da ke hannunta kan kantar, ta zuge jakarta, ta ce za ta dawo. Wani mutum mai hula ya bi bayanta, wasu 'yan mata biyu suka fita suna ƙus-ƙus. Sai da ya matsa gefe ya ba su hanya.

Mai shagon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki wayar ya ɗora a kan wani ɗan faifai da ke gefen kantarsa. Wayar ta yi ɗan ƙara, fuskarta ta haska, alamar caji ta fito.

Auta ta yi turus, amma na ɗan lokaci. “To cajar ce ke nan. Ita ma ai a nan na saya. Ko ta ina aka bi, kayanka ne.”

“Bari in gani a motar,” in ji mai shagon.

Suka fita. Auta ta murɗa makullin, mai shagon ya zauna a kujerar gaba ya ga jar fitilar, ya sa farce ya ɗaga farantin kaɗan, ya sauko da tabaransa ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sau-Ɗaya yana tsaye a kansa, yana ganin abin da yake gani: kwano mai sheƙi, baki a lanƙwashe, kusoshi huɗu a jere. Mai shagon ya ɗago, idonsu ya haɗu. Ya dubi furfurar tsohon, ya dubi yatsan da yake ta matsewa, ya dubi Auta da ke tsaye a baya ta harɗe hannuwa tana jira. Sai ya mayar da farantin ya danna shi ya zauna.

“Hajiya, kin yi gaskiya,” ya ce. “Cajar ce. Wani lokaci sukan zo da matsala. Ki yi haƙuri, laifin kayana ne. Bari in kawo wata.”

Ya shiga ya fito da sabon kwali. Bai miƙa wa Auta ba, Sau-Ɗaya ya miƙa wa, da hannu biyu. Da ta zagaya ɗaya gefen don ta shiga, sai ya rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

“Baba, wannan ku manna ta da tef ɗin da ke ciki kawai, kada komai ya shiga tsakani. Amma wallahi ban taɓa ganin lanƙwasa mai tsabta irin taku ba.”

Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Sau-Ɗaya ya karɓi kwalin. Mutumin da bai san shi ba, wanda aka kora wa masu saye saboda shi, shi ne ya tuɓe rigarsa ya rufa masa. Ya shiga mota ya zauna da kwalin a cinya, kunya ta rufe shi.

Auta kuwa ta hau titi tana huci irin na wadda ta ci nasara. “Ka gani, Baba? Da ka ce mu bari sai gobe. Irin waɗannan sai an nuna musu ido. Ka ga yadda ya yi laushi da ya ga aikinka? Ya san ya haɗu da wanda ya fi shi.” Suka tsaya a danja, ta ɗauki wayar ta fara latsawa da babban yatsa. “Mutum huɗu a ofishinmu na tura shagon nan. Yanzu zan rubuta a zaurenmu na waya kowa ya sani, kada wanda ya sake taka ƙafa can.”

“Ajiye wayar nan.”

“Layi biyu ne kawai, Baba.”

“Uwata, ajiye. In an ba da hannu ki gangara gefe ki tsaya.”

Ta dube shi. Muryar ba irin wadda ta sani ba ce. Ta gangara gaban wani shagon labule ta tsaya, injin yana aiki.

Bai iya bayani da baki ba, don haka ya yi da hannu. Ya ciro ƙaramar sukudireba daga aljihun gaba, ya ɓalle farantin, ya kifa shi a cinyarsa a kan sabon kwalin da ko buɗe shi ba a yi ba. Ya kwance kusoshin huɗu, ya zare faifan daga cikin kwanon, ya manna shi da yatsunsa a bayan robar, ya juyo da farantin.

“Ɗora.”

Ta ɗora. Wayar ta yi ɗan ƙaran nan, ta haska. Jar fitilar ta koma kore.

Auta ta dubi wayar, ta dubi kwanon da ke kan gwiwarsa. Ba ta san aikin wuta ba, amma ba ta buƙatar a fassara mata wannan.

“Wannan tsohuwar cajar ce,” ta ce a hankali.

“Ita ce. Lafiyarta ƙalau, wayarki ma haka. Kwanon da na sa ne ya tare wutar. Ƙarfe ba ya shiga tsakaninsu.”

“Shi mai shagon ya gani?”

“Ya gani.”

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza su. Ya san tambayar da ke tafe, ya yi fatan kada ta zo, ta kuwa zo.

“Kai yaushe ka sani, Baba?”

Nan ma akwai ƙofa a buɗe. Yana iya cewa sai da mai shagon ya raɗa masa, kuma za ta yarda, don so take ta yarda. Ya kalli yatsansa, fatar ta yi ja ta ɗan tashi.

“Tun a shago. Tun kafin in ciro testa.”

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu biyu a kan sitiyari ta kalli gaba. Da ta yi masa faɗa irin wanda ta yi wa mai shagon, da ya samu abin riƙewa. Sai kawai ta kunna sigina, ta duba madubi, ta juya motar.

Suka dawo gaban shagon wayar. Ta kashe mota ta ɗauke sabon kwalin daga cinyarsa. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Zauna, Baba. Bakina ne ya yi ɓarnar. Kuma ba na so a ga ubana yana ba da haƙuri.”

Ta fita. Ga shi an sake rufa masa asiri, karo na biyu cikin awa guda, wannan karon kuma 'yar da ya haifa ce. Ta cikin gilashi ya ga ta tsaya a bayan wani mai saye tana jiran layi. Da aka zo kanta ta ajiye kwalin a hankali, ta sunkuyar da kai. Auta, wadda tun tana makaranta ba a taɓa kawo masa ƙarar an fi ta baki ba, tana tsaye tana murza yatsu saboda abin da shi ya aikata. Mai shagon yana girgiza hannu alamar ba komai.

Sau-Ɗaya ya ɗauki kwanon ya fito. Ya tura ƙofar gilashin, ya ɗaga murya fiye da yadda ɗakin ke buƙata.

“Jama'a, ku saurare ni. Ɗazu an ce bawan Allahn nan yana sayar da jabu. Ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito. Kayansa lafiyayyu ne. Ni na ɓata aikin da wannan kwano, na sani, na ɗora wa wayarsa. Yarinyar nan maganata ta ɗauka, don ba ta taɓa zaton zan yi mata ƙarya ba.”

“Haba Baba,” in ji mai shagon, ya zagayo daga bayan kantarsa. “Ai ya wuce. Don Allah ku bari.”

Auta ta juya fuska ga bango.

Sau-Ɗaya ya waiwaya don ya ga jama'ar da ya yi wa jawabi. Mutum biyu ne a shagon: wani dattijo da ya zo a sa masa gilashin fuskar waya, da wata mata da ke zaɓen abin sauraro. Dukansu yanzu suka shigo, suna kallonsa da mamaki, ba su san ma a kan me ake magana ba. Ya duba ko zai ga mai goyon nan, ko mai hula, ko 'yan matan. Ya leƙa har waje, ya dubi titi hagu da dama.

“Waɗanda suke nan ɗazu,” ya ce wa mai shagon, “ka san inda suke? Ka san gidajensu?”

Mai shagon ya ɗan yi murmushi, ya girgiza kai. “Masu wucewa ne, Baba. Yau na fara ganinsu.”